"Kin Karɓi Ruhu Kuwa?": Abin da Kiristocin Kano Ke Nufi da Aikin Ruhu Mai Tsarki

Duk wanda ya ratsa Sabon Gari da safiyar Lahadi ya san ba murya ɗaya ke fitowa daga majami'un unguwar ba. Nan ana rera waƙa daga littafi cikin natsuwa, can Rabaran Fada yana tsaye gaban bagade, gaba kaɗan kuma jama'a sun ɗaga murya gaba ɗaya suna addu'a, wasunsu da harshen da ba Hausa ba, ba Turanci ba, ba kuma yaren garinsu ba. Littafi Mai Tsarki ɗaya ne a hannunsu, kuma kowane ɓangare zai gaya maka Ruhu Mai Tsarki ne ke aiki a tsakaninsu.

Ruɗanin ya fi fitowa fili a cikin gida. Yaro ya tashi a ikilisiyar ECWA, ya gama ajin baftisma an yi masa, ya tafi jami'a ya shiga zumuntar ɗalibai. Da ya dawo hutu sai ya dubi mahaifiyarsa, wadda ta shekara talatin a zumuntar mata, ya ce, "Mama, kin karɓi Ruhu kuwa?" Ita a saninta ta karɓa tun ranar da ta ba da gaskiya. Shi kuwa so yake ya ji ko ta taɓa magana da harsuna, wato yin magana da harshen da mutum bai koya ba. Ga kuma bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da Facebook na mutane suna zubewa ƙasa a wurin taro, waɗanda kan ƙaru idan Lahadin Fentikos, ranar tunawa da saukowar Ruhu a kan almajiran Yesu, ta gabato, mako bakwai bayan Ista, wajen ƙarshen bazara ko farkon damina. Tambayar yaron ɗaya ce a baki, amma tambayoyi uku ne a dunƙule, kuma yawancin gardamar daga rashin warware su take tasowa.

Wane ne ake nufi

A koyarwar Kirista, Ruhu Mai Tsarki Allah ne, na uku a cikin Triniti tare da Uba da Ɗa. Yana magana, yana koyarwa, ana iya ɓata masa rai, shi ya sa malaman tauhidi ba sa yarda a ɗauke shi kamar wani ƙarfi marar rai irin na lantarki. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Kustantiniya a shekarar 381 ita ce ta rubuta wannan a cikin shahadar bangaskiya, inda ta kira shi Ubangiji mai ba da rai, wanda ake yi wa sujada tare da Uba da Ɗa. Katolika da Anglikan da ECWA da Baptist da manyan ikilisiyoyin Fentikos na Najeriya duk sun tsaya a kan wannan. A Bisharar Yahaya sura 14 zuwa 16 Yesu ya kira shi Mai Taimako.

A gari irin Kano dole a ƙara bayani biyu. Na farko, Musulmi ma sun san kalmar Ruhul Ƙudusi daga Alƙur'ani, kuma mafi yawan malaman tafsiri sun fassara ta da Mala'ika Jibrilu. Saboda haka idan Kirista da maƙwabcinsa Musulmi suna hira a shago, lafazin ya yi kama amma abin da kowa ke nufi daban ne: ɗaya yana maganar mala'ika wanda aka halitta, ɗayan yana maganar Allah kansa. Na biyu ya shafi harshe. A Ibrananci da Helenanci, harsunan da aka rubuta Littafi Mai Tsarki da su, kalma ɗaya ce ke nufin ruhu da iska da numfashi, kuma a kan wannan Yesu ya gina maganarsa da Nikodimu cewa iska na busawa inda ta ga dama, kana jin motsinta amma ba ka san inda ta fito ba. Hausa ma tana da wannan tagwayen ma'ana a kalmar iska, sai dai ma'ana ta biyun ta iskokin bori ce, don haka ba mai kiran Ruhun Allah da ita. Tun cikakkiyar fassarar Hausa ta 1932 kalmar Ruhu ake amfani da ita.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne sabuwar haihuwa, wato mafarin rayuwar mai bi. Annabi Ezekiyel a sura 36 ya kwatanta ta da cire zuciyar dutse a sa ta nama, tare da alkawarin Allah cewa zai sa Ruhunsa a cikin mutane. Manzo Bulus kuma a Romawa 8:9 ya ce wanda ba shi da Ruhun Almasihu ba nasa ba ne, a Afisawa 1:13 ya kira Ruhun hatimin da ake buga wa wanda ya ba da gaskiya. A wannan ma'anar mahaifiyar yaron nan tana da hujja mai ƙarfi.

Na biyu shi ne tsarkakewa, canjin hali da ke ci gaba har ƙarshen rai. Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa halaye tara: ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamun kai. Wasu na kiran su 'ya'yan Ruhu, wasu albarkar Ruhu. A asalin Helenanci kalmar tilo ce, ba jam'i ba, kuma masu sharhi da yawa sun fahimci hakan da cewa ba a zaɓen wasu a bar wasu. Mutum ba zai ce shi nasa rabon farin ciki ne, haƙuri kuwa na wani ne ba.

Na uku shi ne baye-bayen Ruhu, abin da ake ba mutum don amfanin jama'a. 1 Korantiyawa 12 ta ambaci tara, ciki har da warkarwa, annabci, rarrabe ruhohi, harsuna da fassarar harsuna. Romawa 12 ta kawo wasu da ba a cika yin shelarsu ba: hidima, koyarwa, ƙarfafa zuciya, bayarwa, shugabanci da jinƙai. Su baye-baye rarraba su ake yi, ba kowa ke da duka ba. Abin lura kuma shi ne ikilisiyar Koranti, wadda Bulus ya shaida ba ta rasa wata baiwa ba, ita ce dai ya tsawata wa saboda tsattsaguwa, fasikanci, kai juna ƙara kotu da buguwa a wurin jibin Ubangiji. Baiwa na iya rigan hali zuwa, kuma wannan shi ne tushen matsaloli da yawa da za a zo kansu a gaba.

Yadda canjin hali ke gudana a aikace

Nan ne aka fi samun daidaito tsakanin ɗarikoki, nan ne kuma aka fi ƙarancin bayani a kan mumbari. Matakin farko shi ne abin da Yahaya 16:8 ta kira faɗakarwa a kan zunubi. Masu kiwon ikilisiya da suka daɗe a aikin sukan bambanta shi da baƙin ciki na banza ta hanya mai sauƙi. Faɗakarwar Ruhu takan kama abu takamaimai: mudun da ka buga wa gindi ya rage awo, kuɗin adashin da ka ci, maganar da ka yaɗa a kan matar ɗan'uwanka. Tana kuma nuna mafita. Abin da ke sa mutum jin shi ba komai ba ne, Allah ya gama da shi, ba tare da nuna laifin da zai gyara ba, 2 Korantiyawa 7:10 ta sa shi a sahun baƙin cikin duniya mai kai wa ga mutuwa. Wannan bambancin yana da amfani ƙwarai ga masu fargabar cewa sun yi saɓon Ruhu Mai Tsarki wanda ba a gafartawa. A Markus 3 maganar ta fito ne a kan waɗanda suka ga aikin Yesu da idonsu suka ce na shaiɗan ne, kuma amsar da fastoci suka saba bayarwa ita ce mai irin wannan taurin zuciya ba ya zuwa yana kuka yana tambaya.

Daga faɗakarwa sai tuba da furtawa, sai kuma maye gurbi, wanda shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Afisawa 4:22-32 ta tsara shi kamar canza riga: a tuɓe tsohuwa, a sabunta tunani, a sa sabuwa. Ba ta tsaya ga hani ba. Maƙaryaci ya riƙa faɗin gaskiya. Ɓarawo ya daina sata, ya kama sana'a da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Mai fushi kada ya bari rana ta faɗi yana riƙe da shi. Mai ɓatanci ya koyi maganar da ke gina mai ji. Dalilin wannan tsari a bayyane yake. Wanda ya bar majalisar mashaya amma bai sami inda zai zauna daga magariba zuwa ƙarfe goma ba, ƙafarsa za ta mayar da shi inda ta saba kafin wata ya ƙare.

Akwai kuma mayar da haƙƙi. Zakiyus a Luka 19 ya ɗau alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ga ɗan kasuwa a Kasuwar Sabon Gari ko Singa, ma'anar wannan ita ce ya buɗe littafin bashi, ya kira wanda ya sayar wa jabu da sunan na asali, yaron shago kuma ya faɗa wa maigidansa abin da ya riƙa zarewa daga aljihun tebur. Ikilisiyar Deeper Life ta yi fice wajen nanata wannan koyarwa. Gogaggun dattawa sukan ba da shawara kada sabon tuba ya yi gaggawar fita shi kaɗai, musamman inda furucin zai taɓa auren wani ko ya jawo hukuma. A zauna da fasto ko dattijo mai riƙon asiri, a tsara wanda za a fara gani, a yanke nawa za a iya biya duk wata, a kuma je da shaida.

Tambayar da ta daɗe ana tafkawa ita ce, wa ke yin aikin, Allah ko mutum? Tun ƙarni na biyar Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya yi jayayya da Felajiyus wanda ya ɗauka mutum na iya kiyaye dokar Allah da ƙoƙarin kansa, kuma majalisar Kartaj ta 418 ta goyi bayan Agustin. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun a numfashi ɗaya: ku yi aikin cetonku da tsoro, gama Allah ne ke aiki a cikinku. Manomi bai iya tsirar da ƙwaya, amma wanda bai yi huɗa da shuka da noma ba bai da abin jira a kaka. Huɗar da nomar a nan su ne karatun Littafi a kai a kai, addu'a, jibin Ubangiji, azumi, da zumunta da mutanen da suka san halinka har za su iya ce maka ka yi kuskure.

Kuskure iri biyu ne ke faruwa a nan. Wani ya naɗe hannu yana jiran ranar da sha'awar zunubi za ta ɗauke kamar ruwan sama, alhali Romawa 8:13 ta ce mai bi ne zai kashe ayyukan jiki ta wurin Ruhu. Wani kuma ya mai da abin dokokin waje zalla, tsawon siket, ɗan kunne, ɗaurin kallabi, har a sami wanda ya cika duk ƙa'idar sutura amma ma'aikatansa na kuka da shi a kan albashi. Sutura ta kamala tana da gurbinta a koyarwar manzanni, sai dai ita ce mafi sauƙin gyarawa, shi ya sa ake saurin mai da ita ma'auni.

Inda aka rabu

Saɓanin ya taru ne a kan tambayoyi biyu: yaushe mutum ke karɓar Ruhu, kuma da wace alama ake ganewa?

Katolika na koyar da cewa ana karɓar Ruhu a baftisma, ko da ta jariri ce, sannan a ƙarfafa wannan a ibadar tabbatarwa, inda bishop ke ɗora hannu ya shafa mai a goshi. Suna lissafa baye-baye bakwai daga Ishaya 11, kamar hikima, fahimta da tsoron Allah. Anglikan ma suna da baftismar jarirai da tabbatarwa. ECWA da Baptist kuwa suna cewa Ruhu na shiga mutum ne a lokacin da ya ba da gaskiya, baftismar ruwa shaida ce ta abin da ya riga ya faru, shi ya sa sai wanda ya yi hankali suke nitsarwa. Hujjarsu 1 Korantiyawa 12:13, inda Bulus ya ce dukanmu da Ruhu ɗaya aka yi mana baftisma cikin jiki ɗaya. A wurinsu baftismar Ruhu sau ɗaya ce, cikawa da Ruhu kuwa, wadda Afisawa 5:18 ta umarta, ana maimaita ta.

John Wesley, wanda ya kafa Methodist a Ingila a ƙarni na 18, ya koyar da cewa bayan tuba akwai wani aikin alheri na biyu da ke tsarkake zuciya ta cika da ƙauna. Magadan Luther da Calvin, jagororin farko na Furotesta, ba su yarda ba, sun ce yaƙi da zunubi ba ya ƙarewa sai a kabari. Daga cikin magadan Wesley ne motsin Fentikos ya fito. A 1901, a makarantar Charles Parham da ke Topeka a Amurka, aka fara koyar da cewa magana da harsuna ita ce shaidar baftismar Ruhu, sannan falkaswar titin Azusa a Los Anjelis, ƙarƙashin William Seymour daga 1906, ta yaɗa koyarwar a duniya. Su kansu 'yan Fentikos ba bakinsu ɗaya ba. Assemblies of God, wadda aka kafa a 1914, matakai biyu take koyarwa: ceto, sai baftismar Ruhu da alamar harsuna, tsarkakewa kuwa a hankali take tafiya. Deeper Life uku take koyarwa: ceto, tsarkakewa, sannan baftismar Ruhu.

Kowane ɓangare na kafa hujja da Ayyukan Manzanni, domin littafin bai bi tsari ɗaya ba. A sura 2 Ruhu ya sauko wa almajirai, baƙi daga Masar da Libiya da ƙasar Larabawa da sauran wurare suka ji ana magana da harsunansu na haihuwa, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma a ranar. A sura 8 Samariyawa sun ba da gaskiya an yi musu baftisma, amma sai da Bitrus da Yahaya suka zo suka ɗora musu hannu. A sura 10 Ruhu ya sauko wa gidan Karniliyus tun Bitrus bai gama wa'azi ba, kafin a kawo maganar ruwa. A sura 19 mutum wajen goma sha biyu a Afisa sun yi harsuna da annabci bayan Bulus ya ɗora musu hannu. 'Yan Fentikos na ganin abin koyi ne ga kowane mai bi. Sauran na ganin labarin yadda bishara ta ƙetare iyakoki ne, daga Yahudawa zuwa Samariyawa zuwa al'ummai, kuma suna nuna 1 Korantiyawa 12:30, inda Bulus ya tambaya ko duka ne ke magana da harsuna, tambayar da amsarta a'a ce. 'Yan Fentikos na amsawa da cewa harshen shaida daban, baiwar harsuna ta cikin taro daban. A gaskiya nassin bai fayyace wannan rabe-raben da baƙin rubutu ba, haka kuma bai faɗi ƙarara cewa baye-bayen al'ajabi sun ƙare da mutuwar manzanni ba, kamar yadda wasu a ɗaya gefen ke koyarwa. Kowane ɓangare ya ɗora fahimtarsa a kan abin da ya karanta.

Yadda muhawarar ta iso Kano

Tawagar Bishop Tugwell ta mishan ɗin Anglikan ta iso Kano a 1900, Sarki Alu bai ba ta izinin zama ba, Dakta Walter Miller da ke cikinta daga baya ya zauna a Zariya. Kiristanci ya kafu a Kano ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da kafuwar Sabon Gari, ta hannun ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, sannan mishan ɗin SIM, wanda ECWA ta fito daga cikinsa a 1954, ya yi aiki da Hausa ta hanyar asibitoci da makarantu, ciki har da asibitin ido da ya shahara a garin. Saboda wannan tarihin, Kiristocin da ke sujada da Hausa, har da waɗanda suka fito daga gidajen Maguzawa, galibi sun tashi ne a koyarwar mishan mai taka-tsantsan da harsuna.

Guguwar Fentikos ta zo ne a shekarun 1970 ta makarantun sakandare da jami'o'i. W.F. Kumuyi ya fara ajin nazarin Littafi da ya zama Deeper Life a Legas a 1973, E.A. Adeboye ya karɓi jagorancin ikilisiyar Redeemed a 1981, Living Faith ta David Oyedepo ta yi ƙarfi a Kaduna a shekarun 1980, ƙungiyar ikilisiyoyin Fentikos ta ƙasa, PFN, ta kafu a 1985. A Katolika ma motsin sabuntawa da ya fara a Amurka a 1967 ya iso, da ƙungiyoyin addu'arsa a ƙarƙashin kulawar Fada. Yau iyakokin sun dushe. Za ka iske addu'ar dare da azumin farkon shekara a ikilisiyar mishan, ka kuma iske makarantar tauhidi a ta Fentikos. Da yake yawancin sababbin ikilisiyoyin da Turanci suke sujada, saɓanin tauhidi ya hau kan saɓanin harshe da na shekaru, har wasu matasa suka ɗauka sujadar Hausa ta tsofaffi ce marar wuta, alhali harshen sujada bai taɓa zama ma'aunin kasancewar Ruhu a koyarwar kowane ɓangare ba.

Faɗuwa, rawar jiki da inuwar bori

Bahaushe da ya ga mutum ya zube yana birgima, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne hawan iska. A bori iska ce ke hawan mutum, shi ya zama doki ko goɗiya, ya fita hayyacinsa, wata murya ta yi magana ta bakinsa. Koyarwar Bulus ta bi wata hanya dabam. Ya ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin ikon annabawan, wato mai magana na iya yin shiru ya ba wani dama. Ya kuma kafa ƙa'ida da lissafi a 1 Korantiyawa 14: masu harsuna a taro biyu, in sun yi yawa uku, bi da bi, wani ya fassara, in babu mai fassara a yi shiru. Masu annabci biyu ko uku, sauran su auna abin da aka faɗa. A sura ɗaya ɗin ya ce kada a hana magana da harsuna. Masu kare faɗuwa na nuna mutanen da suka faɗi rubda ciki gaban ɗaukakar Allah, kamar Ezekiyel da Yahaya. Masu suka na cewa kuka da rawar jiki na iya zuwa daga tsananin motsin rai, gajiya, yunwar azumi ko ganin na kusa ya faɗi. Shugabannin Fentikos masu zurfin ilimi su ma sun yarda faɗuwa ita kaɗai ba ta tabbatar da komai, ba ta kuma ƙaryata komai.

Abin da wannan ke jawo wa talaka

Ta fuskar kuɗi, Ayyukan Manzanni 8 ta riga ta yanke hukunci: Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi ikon ɗora hannu, Bitrus ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Duk inda aka sa farashi a kan mai, ruwa, ƙyalle ko ganin "bawan Allah", an koma kan wannan labarin. Baiko da zakka na son rai don tafiyar da ikilisiya daban suke da biyan kuɗin mu'ujiza, kuma wanda ya ci bashi ko ya taɓa jarin shagonsa don "shuka iri" shi ke kwana da asarar.

Ta fuskar lafiya haɗarin ya fi girma. Yaƙub 5:14 ta ce marar lafiya ya kira dattawa su yi masa addu'a su shafa masa mai, kuma duk ɗarikoki na addu'ar warkarwa. Amma Bulus ɗin da aka yi warkarwa ta hannunsa ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya bar Tarofimas da ciwo a Militas, shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki ba a cire ba. Mai hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya ko cuta mai karya garkuwar jiki da ya ajiye magani saboda an ce ya warke yana iya faɗawa shanyewar ɓarin jiki, suma ko dawowar cutar da ƙarfi. Hanyar da ta dace ita ce a koma asibiti a yi gwaji, likita ya rage ko ya tsayar da maganin da kansa. Azumin kwana uku ba ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, na iya taɓa ƙoda, kuma bai dace da mai ciki, mai shayarwa, mai gyambon ciki ko mai ciwon suga ba. Haka batun ƙwaya. Tun da gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018 an ƙara fahimtar girman matsalar shaye-shaye a Kano. Matashin da ya tuba daga tramadol na buƙatar addu'a da zumunta, yana kuma buƙatar likita, domin yanke ta farat ɗaya na kawo ciwon jiki, rashin barci da firgita mai tsanani, abin da ke mayar da da yawa ruwa, su kuma ɗauka Allah ne ya ƙi su. Wanda ke jin muryoyi, ya kwana uku bai runtsa ba, yana cewa an aiko shi, a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar asibitin Dawanau, ba tare da an daina yi masa addu'a ba.

Sai annabci a kan aure da dangi. "Ubangiji ya nuna mini ke ce matata" ya jefa 'yan mata da yawa cikin tsaka mai wuya, haka "kakarka ce ta ɗaure ka" ya raba gidaje. 1 Tasalonikawa 5:19-21 ta ba da umarni a jere: kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, a gwada kome. Gwajin da aka saba bi shi ne a duba ko maganar ta dace da Littafi, ko mai faɗar ya yarda wasu su auna ta, ko akwai ribar da zai ci, ko kuma abin da ya faɗa a baya ya tabbata. 'Yar'uwar da aka zo wa da irin wannan magana tana da 'yancin cewa ita ba a nuna mata ba, ta kuma kai zancen gaban iyayenta da dattawan ikilisiya.

Matsala ta ƙarshe ta masu sauya ikilisiya ce, yawanci saboda aure ko canjin unguwa, daga Sabon Gari zuwa Badawa ko Brigade. Wanda aka yi wa baftisma yana jariri, in ya koma ECWA, Baptist ko ikilisiyar Fentikos, galibi za a nemi ya shiga aji a nitsar da shi. Katolika kuwa ba ta maimaita baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, sai dai ta nemi takardar shaida, ta koyar da mutum, ta yi masa tabbatarwa. A wasu ikilisiyoyin Fentikos ba a ba mutum wani muƙami sai ya shaida baftismar Ruhu da harsuna, kuma wannan matsin ne ke sa wasu kwaikwayon sautin da suka ji a bakin na kusa, daga baya lamirinsu ya dame su. Masu shirin aure daga ɗarikoki biyu na buƙatar su zauna da fastocin ɓangarorin biyu tun kafin a sa rana, su ji matsayin kowace ikilisiya a kan baftismar da ke hannunsu, cin jibin Ubangiji tare, da kuma yadda za a yi da 'ya'ya idan sun zo.